Zaidu Mai Kaset da Saƙon Lome

A Tungar Baidu, wani ƙauye da ke cikin kwari a ƙasar Kore Mairuwa, in ka ce Zaidu kawai sai a tambaye ka wanne, don su huɗu ne. Amma in ka ce Zaidu mai kaset, ko akuya ta san gidan. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma Allah ya ba shi baki. Ba surutu nake nufi ba. Ya san maganar da ake faɗa a tsaye da wadda sai an zauna, ya san wadda ake bari ta kwana.

Ɗan manomi ne kamar kowa. Da ya tasa, shekarar da gero ya ƙi, sai ya bi samarin garin zuwa Lome cin rani. Ya gwada dako, ƙafa ta hana. Ya gwada sayar da shayi, sai ya zama shi ne mai shanye rabin tukunya da baƙi. A wurin shayin nan ne ya lura da abin da ke cin 'yan garinsu: ƙato mai ɗaukar buhu biyu a ka, in an ambaci uwarsa sai ido ya kawo ruwa. Ba mai iya rubuta wasiƙa, kuma ko an rubuta maka, wani ne zai karanta wa matarka a gaban jama'a. Zaidu ya sayi wata tsohuwar rakoda a hannun wani makaniki, ya cika jaka da kaset, ya kama hanyar gida. Daga nan ya samu sana'a, ya samu suna.

Shekara ashirin da wani abu yana kai da kawo tsakanin Lome da Tungar Baidu, sau uku ko huɗu kowane rani. Bai iya karatun boko ba, don haka da zare yake gane kaset. Ja na gidan wane, baƙi mai ƙulli biyu na gidan wance, kuma bai taɓa kai muryar wani gidan da ba nasa ba. In ya iso gari, tun daga bakin rijiya ake tarye shi. A kawo fura, a kawo goro, tsofaffi su matsa masa a kan tabarma.

Aikin kuwa ba danna maɓalli ba ne kawai. In uwa ta fara gaisuwa lafiya lau, can sai zuciya ta ɗebe ta ta shiga tsine wa ɗan da ya yi shekara biyu bai leƙo ba, Zaidu sai ya danne rakodar ya ce, "Af, Inna, batir ya mutu. Bari mu sake." Kafin ya gama lalubar batirin da lafiyarsa ƙalau, ta huce, a sake ɗauka da albarka a ciki. In amarya ce mai kunya, sai ya ajiye mata rakodar a ɗaki ya fita ƙofar gida ya yi ta tari, don ta san bai ji ba. Da yawa daga auren garin nan bakin Zaidu ne ya riƙe su, kuma ya san haka, bai kuwa ɓoye saninsa.

Abu ɗaya ne ba ya shiga kaset, shi ne mutuwa. Ita a baki yake ɗauko ta. Yana da hanyarsa, garin kuma ya saba da ita. Ba ya zarcewa gidan mamaci. Sai ya nemi baffa ko kawu ya keɓe da shi, sannan a tura tsofaffin mata biyu su je wurin uwar kamar hira ta kai su. In sun zauna sun yi nisa, shi kuma ya yi sallama. Ya isar da gaisuwar wasu, ya ce wane dai ba ya jin daɗi, ya yi shiru. Ya ce jikin ya matsa, ya sake yin shiru. Ba ya furta kalmar sai uwa ta tambaya da bakinta, a lokacin kuwa akwai hannu a kafaɗarta ta dama da ta hagu. Wani sa'i labari yakan yi kwana uku a cikinsa a hanya, ba wanda ya ji ko ƙamshinsa.

Da salula ta zo ƙasar, mutane suka ce Zaidu ya ƙare. Bai ƙare ba, kwarin ne ya cece shi. Rezo, wato layin sadarwar waya, ba ya sauka Tungar Baidu. Mai son waya sai ya hau dutsen gabas ya tsaya da hannu sama, tsofaffi kuwa ba su iya hawa. Zaidu ya daina dogon zango, amma duk ranar kasuwa yana Kore Mairuwa, yana karɓar saƙo daga direbobi da masu waya, yana kawowa gida. Kaset ya yi wuya a kasuwa, sai ya riƙa goge tsofaffi yana ɗauka a kansu. Har ya haura sittin, shi ne dai kunnen garin, shi ne bakinsa.

Sai ga wata ƙungiya daga Dogon Dutsi, da farar mota. Aka tara mutane a gindin gawo. Wata yarinya mai suna Josiane, mai fara'a da saurin magana, ta miƙe ta yi bayani. Ta ce waya ba ta gaisuwa ce kaɗai ba. Da ita manomi zai san farashin wake kafin ɗan kasuwa ya zo ya yi masa wayo, da ita ake jin labarin ruwan sama, da ita ake kiran likita in haihuwa ta zo da gardama. Ta ce wanda bai iya rubutu ba ma bai da matsala, ya danna ya yi magana, muryarsa ta tafi, shi ake kira bokal. Za su kafa dogon ƙarfe mai jawo rezo, da faifan hasken rana don cajin waya, da rumfa. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya amintacce da zai riƙe wurin.

Zaidu ya zo taron da babbar rigarsa ta salla, rakoda a cinya. Da aka ce amintacce, har ya fara gyara hula. To wa kuma? Josiane ta hango rakodar, ta taho da murna ta durƙusa ta ce, "Baba, wagga aba har yanzu tana aiki? Don Allah bari in ɗauki hotonta, kayan tarihi ne!" Ta ɗauka, ta gode, ta koma ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko. Aka nuna Siméon.

Siméon dai sa'an Zaidu ne, tare suka yi kiwon awaki. Gidansu na cikin gidaje uku na Kirista a garin, ya yi shekara huɗu a makarantar mishan, sannan ya ƙare a facin keke. Mutum ne shiru-shiru, in ya yi magana uku a yini ya yi surutu. Zaidu yana son sa, irin son da ake yi wa wanda ba a taɓa tsammanin zai wuce ka ba. A ranar nan, da aka miƙa wa Siméon mabuɗin rumfa ana tafi, Zaidu ma ya tafa, amma wani abu ya shige shi wanda bai fita ba har yau. Kishi ne tsagwaronsa, ba wani suna da za a ba shi.

Abin haushin shi ne, abin ya yi aiki. Da ya lalace da Zaidu ya samu sauƙi. Cikin wata biyu rumfar Siméon ta zama kasuwa. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli suka samu waya ɗaya ta haɗin gwiwa, Barira shugabarsu ke riƙe da ita, suna jin farashin gyaɗa daga Tibiri tun kafin su daka. Matar wani mai suna Rabilu ta yi naƙuda kwana biyu, aka kira, mota ta zo, ta rayu ita da jaririn. Aka buɗe zaure a waya mai suna Tungar Baidu Gida da Waje, kowa na jefa muryarsa, na Lome na ji, na gida na ji. Zaidu yana zaune a ƙofar gida yana kallon tsofaffin da a da suke aiko masa da fura suna wucewa, su ɗaga masa hannu daga nesa, su nufi rumfa.

Sai ya buɗe baki, kun san kuwa yana da shi. A majalisa ya ce ƙarfen nan shi ke korar hadari. Da aka yi ruwa kwana uku a jere, ya ce shi ke jawo ambaliya. Ya ce duk sirrin da aka faɗa wa waya, akwai wanda ke zaune a wani wuri yana saurare. Ya ce mai facin keke ya zama gwamna, yanzu ko gaisuwa sai da takarda. Mutane su yi dariya, don labarinsa da daɗi, su tashi su tafi cajin waya. Wata rana ya nemi matarsa Fadila a gida bai gan ta ba. Ya bi sawu, sai ga ta a rumfa, tana kuka tana dariya, tana kallon jikarsu da aka haifa a Yamai tana motsa hannu a cikin gilashin waya. Ya tsaya bayan danga ya leƙa, ya ga yarinyar, ya ga hancin gidansu ne sak. Zuciyarsa ta narke, nan take kuma ta sake daskarewa, don a hannun Siméon wayar take. Ya koma gida ya ƙi cin tuwo, ya ce gishiri ya yi yawa.

Siméon ba kurma ba ne, duk abin da ake faɗa yana isa gare shi. Wata la'asar ya zo da kansa ya zauna a gefen tabarma.

"Zaidu, ka taho mu zamna tare can," in ji shi. "Tsohhin mata in na ba su waya sai su daskare. Kai kas san yadda a ka sa su magana."

"In zan yaronka ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba. Tahi ka riƙe ƙarhenka, ni na riƙe nau."

Siméon ya tashi ya kaɗe wando ya tafi. Gaskiya dai, a ran nan Zaidu ya ji daɗi ƙwarai.

Bayan girbi, ranar wata Talata da hantsi, Zaidu na ƙofar gida yana saƙar zana, sai ya ga Siméon tafe da sauri, ba hula, waya a hannu kamar ya riƙo garwashi. Ya tsuguna kusa, ya rage murya, ya danna. Muryar Abdulwahabu ce, shugaban 'yan garin a Lome. Ya ce Luƙman ɗan Inna Ummu ya rasu da asuba, zazzaɓi na kwana huɗu, za a yi jana'iza kafin azahar. Ya ce a san yadda za a gaya wa tsohuwa.

Zaidu ya yi salati, hannunsa ya saki karan. Ya san Luƙman tun yana goye. Shi kaɗai ne namijin da ya rage wa Inna Ummu, gwauruwar da ido ɗaya ya riga ya mutu mata, kuma muryar yaron nan ya sha kawo mata a jaka. Baƙin cikinsa na gaske ne. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin wani abu ya ɗago kai. Abdulwahabu, wanda a da ko tari zai yi sai ya nemi Zaidu, yau ga wanda ya aika wa.

"Ni ban iya ba, Zaidu," in ji Siméon. "Tun da nike ban taɓa kai wa uwa irin wagga magana ba. In na shiga, tana ganin huskata ta gane. Don Allah ka tashi."

"Wa anka aiko ma saƙon?"

"Ni, amma..."

"To, wanda anka ba saƙo shi ka isar da shi. Haka munka taras. Ba ga ƙarhe nan ba? Ba ga rezo ba? Danna mata ta ji."

"Zaidu, ba lokacin wagga magana ba ne."

"Da anka ba ka mabuɗi ba ka ce ba ka iya ba."

Siméon ya dube shi, duban da bai taɓa yi masa ba tun suna yara. Ya tashi ya nufi gidan Ma'azu ƙanen Inna Ummu, aka ce masa Ma'azu ya tafi gona ɗaukar kara. Siméon ya hau keke ya bi shi.

Kada a ɗora wa Zaidu abin da bai yi niyya ba. Bai taɓa nufin ƙin zuwa ba. So yake Siméon ya ɗan ɗanɗana, ya zagaya gari ya rasa, ya dawo bayan azahar lokacin da mutane ke fitowa masallaci, ya roƙe shi karo na biyu a gaban kowa. Sannan ya miƙe a hankali, garin ya tuna waye Zaidu. Har ya tsara komai a ransa, matan da za a tura da maganar da zai fara da ita. Ya shiga gida ya yi wanka, ya ce Fadila ta fiddo masa riga. A lissafinsa akwai lokaci. Labarin da ya saba riƙewa kwana uku, don ya jira sa'a uku ai ba komai ba ne. Abin da bai shiga kansa ba shi ne, yanzu labari ba ya zama a cikin mutum ɗaya ya jira shi.

Yana ɗaura wando ya ji kururuwa daga unguwar yamma.

Ga abin da ya faru. Mata na gidan Barira suna ɓarar gyaɗa, Inna Ummu na cikinsu, don nan take yini. Wayar ƙungiya ta yi ƙara. Barira ta ga saƙo ne a zauren gari, ta ɗauka labarin kasuwa ne, ta danna ta ƙara murya kamar yadda suka saba, ta ajiye a kan turmi. Wani saurayi ne daga Lome, yana tsaye a maƙabarta, da zuciya ɗaya yake yi. Ya yi sallama ya ce yanzu suka rufe Luƙman ɗan Inna Ummu, Allah ya jiƙansa, a yi masa addu'a. Kafin Barira ta kai hannu, magana ta riga ta fita.

Mata suka fashe da kuka, amma ban da uwar. Inna Ummu ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta lalubi sandarta, ta tafi gida. Aka bi ta. Aka zo da tabarmi za a shimfiɗa na zaman makoki, ta ce duk wadda ta shimfiɗa mata tabarma ba ta yafe ba. Ma'azu ya iso daga gona a bayan keken Siméon, ya durƙusa gabanta yana hawaye, ta ce ya tashi ya daina yi wa ɗanta mugun fata. Liman ya zo, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ƙarya ce ta 'yan waya.

Zaidu duk yana ji daga zaurensa, ya kasa fita. Aka kira azahar, ya lallaɓa masallaci ya yi salla a sahun baya. Ana fitowa, mutane cike da ƙofa, sai ga Siméon tsaye a rana yana jiransa. Ga shi dai ya zo karo na biyu, a gaban kowa, daidai yadda Zaidu ya so.

"Taho mu tai," in ji Siméon. "Ta ce ba ta yarda ba sai ta ji ga bakinka. Kai ɗai taka jira."

Mutane suka buɗe masa hanya. Shekara biyu yana mafarkin ranar da garin zai sake buɗe masa hanya haka, yau ga ta, shi kuwa ya bi bayan Siméon kai a sunkuye.

Gidan cike yake da mata, kowa ta toshe baki da gyale. Inna Ummu na zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa, sanda a gefe. Tana jin sallamarsa fuskarta ta washe.

"Yawwa, ga shi nan! Zaidu, ɗana, matso. Hwaɗa musu. Tun ɗazu nike ce musu da gaskiya ne da kai za ka zaka, kana cikin gari, lahiyarka lau. Hwaɗa musu su bar min gida."

Ya durƙusa a gabanta. Ya nemi gaisuwar da zai fara da ita, babu. Ya nemi ya ce jikin ya matsa, ya ga ba wurin faɗar haka, yaro yana cikin ƙasa. Duk hanyoyin da ya share shekaru yana bi an riga an rufe su, saura guda.

"Inna," ya ce, "sai haƙuri. Gaskiya ne."

Hannunta ya lalubo nasa ya riƙe gam, kamar yadda ta saba riƙe shi in ya kawo mata muryar ɗanta. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta matso da fuskarta kusa da tasa, tana neman sa da idon da ya rage.

"Yanzu kaj ji?"

Ƙarya ɗaya ƙarama za ta fid da shi, kuma ya san Siméon, da ke tsaye a bakin zaure, ba zai taɓa tona shi ba. Wannan sanin ne ya fi komai ƙona shi.

"Tun hantsi, Inna."

"Tun hantsi," ta maimaita a hankali. "Kana ina?"

"Ina gida."

Ta saki hannunsa. Ta juya kai wajen matan, ta ce su shimfiɗa tabarmin.